Gadar da Rumbu Bai Gina Ba

An yi wani mutum, 'yan'uwa, wani bawan Allah, a wani gari da ba zan kama sunansa ba, tun zamanin da kwalta ba ta shiga ƙauyuka ba. Sunansa Nomau. Ba fasto ba ne, ba attajiri ba ne, ba kuma ɗan gidan sarauta ba. Manomi ne kawai, wanda in kun haɗu a hanya da fartanya a kafaɗarsa ba za ku waiga ku sake dubansa ba. Ku gyara zama ku saurara, domin akwai wanda labarin nan zai taka wa ƙafa a ɗakin nan yau.

Garin yana da babbar majami'a, kewaye da shi kuma ƙauyuka ne, kowanne da 'yar ikilisiyarsa. Nomau mutumin wani ƙauye ne da ake kira Ƙetare, saboda rafi ya raba shi da gari. Da rani rafin nan yashi ne zalla, akuya ma ba ta san ta haye shi ba. Amma da damina, in ya kwaso ruwan duwatsu ya taho ja wur, tun daga gona kake jin rurinsa. Ba gada, ba kwalekwale. In ya cika, mutanen Ƙetare sai su zauna su jira ikon Allah.

To, wata shekara aka yi yunwa, irin wadda mutum ke cin tafasa ba gishiri ya gode. Da Allah ya kawo sauƙi, dattawan ikilisiyoyi suka taru, sai Nomau ya miƙe ya ce, "'Yan'uwa, kada mu bari a sake samunmu a haka. Duk gidan da ya yi girbi ya ware dami ɗaya, a kawo gindin majami'a ranar godiyar kaka."

Aka yarda. Aka gina rumbu, aka sa masa suna Rumbun Ubangiji. Rabin hatsin ana raba wa mayunwata a tsakiyar damina. Sauran a sayar, a ba ƙauyen da ya zo da wata buƙata, ko rijiya, ko aji, ko ɗakin shan magani, ko shanun huɗa. Rumbu ba ya gina wa kowa komai. Yana ba ku ne, ku je ku yi da hannunku, ku dawo ku faɗi abin da kuka yi.

Shekarar farko da aka zo rabo, kun san halinmu! Kowane dattijo ya ja wa ƙauyensa. Aka ɗaga murya, aka nuna wa juna yatsa, har wani ya ce a buɗe rumbun a ba shi damin ƙauyensu ya koma da abinsa. Sai Nomau ya tashi. Ya shiga ɗakin majami'a ya ɗauko wata tabarmar kaba, ya shimfiɗa a gindin rumbu.

Ya ce, "Masu rabo su zauna a nan. Amma ga doka biyu. Ta farko, duk wanda ke zaune a tabarmar nan, ƙauyensa ba ya roƙon komai, sai ya tashi. Ta biyu, wanda ya fi ciwo shi ake fara ɗaure wa, ko namu ne ko ba namu ba, ko ya zuba dami ko bai zuba ba."

Waɗanda ɗazu ke turereniyar shiga rabo, yanzu kowa sai sunkuyar da kai yake yana wasa da yatsun ƙafa. Aka ce, "To kai da ka kawo dokar, ka fara zama." Nomau ya tuɓe takalmi ya zauna. Daga ranar aka riƙa kiransa Mai Tabarma, wasu 'yan kaɗan suka zauna tare da shi.

Kai, Rumbu ya yi albarka! Da mutane suka ga masu rabo ba sa ɗiba wa kansu, sai hannu ya saki. Sojan da ke bariki ya aiko da nasa, malamin makaranta ya aiko, mai fatauci a birni ya aiko. Rijiya a nan, aji a can. Aka tura samari koyon gini, aka ba gwauraye mata jari. Duk inda ka shiga a ƙasar nan sai ka ji ana cewa, "Wannan aikin Rumbu ne."

Sauran wakilan ƙauyuka a tabarma kuwa, kowa ya yi girbi biyu ko uku sai ya tashi, don ƙauyensa ya samu bakin roƙo, wani ya maye gurbinsa. Nomau kaɗai ne ba a bari ya tashi. Duk shekara ya kama sandarsa zai miƙe, dattawa kuma su kama masa riga.

"Haba Baba! In ka tashi ai rumbu ya rushe. Wa za mu amince wa in ba kai ba?"

Sai ya koma ya zauna. Kuma kada in yi muku ƙarya a kan bagaden majami'a, zaman ya yi masa daɗi. Wa ke ƙin a ce masa in ba shi ba a iyawa? Ni ban ƙi ba, ku ma ba ku ƙi ba. Haka gashin kansa ya yi fari a kan tabarmar nan, Ƙetare kuwa ko tsinke ba ta taɓa samu ba, saboda ɗanta na zaune.

Mutum ɗaya ce ba ta kama masa riga. Sunanta Keziya, mai sayar da man gyaɗa, shugabar zumuntar mata, ita ce mata suka tura ta zauna musu a tabarma. Mace ce doguwa, bakinta ya fi barkono. Duk shekara in ana roƙon Nomau ya zauna, sai ta karkace kai ta ce, "Ni dai a faɗa mini, Rumbun Ubangiji ne ko Rumbun Nomau? In na Ubangiji ne, ku bar tsohon nan ya je ya huta." Dattawa su yi mata caa, a ce ba ta da kunya. Nomau ma, ko da yake bai taɓa mayar mata ba, ba ya jin daɗin ganinta. Mata, na ga kuna taɓa juna. Kowace ikilisiya tana da Keziyarta, ku gode wa Allah in kuna da ita.

Sai ga wata damina. Nomau yana da ƙane, sunansa Ranau, matarsa Damaris tana da tsohon ciki. Naƙuda ta zo mata da gardama, ungozoma ta yi iya yinta ta ce a kai ta ɗakin haihuwa a gari. Ɗakin nan, ku lura, Rumbu ne ya ba da kuɗin gina shi. Aka ɗauko ta a kan gadon kara, aka iso bakin rafi, rafi ya cika ya batse. Ga rufin kwanon ɗakin haihuwa can ana hangowa. Suka jira ruwa ya janye, ruwa bai janye ba. A nan bakin rafin Damaris ta cika, da ita da abin da ke cikinta.

Bayan an yi jana'iza, Ranau ya sami wansa a zaure, a gaban masu zaman makoki. Bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Yaya, kai inuwar giginya ne, na nesa ka sha. Ka haƙa wa duniya rijiya, ka gina wa duniya aji. Mu da muka fito ciki ɗaya da kai, ga abin da muka samu."

Nomau bai iya ɗaga kai ba, domin ya san gaskiya ce. Ba dokar ce ta kashe Damaris ba, daɗewarsa a kan tabarma ce ta hana Ƙetare buɗe baki.

Da masu tabarma suka sake zama, Nomau ya kama sandarsa ya miƙe. Aka kama masa riga kamar kullum. Wannan karon sai ya zare rigar daga hannunsu.

"Na tashi," ya ce, "kuma ba zan dawo ba."

"To Baba, ka nuna mana wanda zai gaje ka."

"Gado ne? Gonar ubana ce? Ku zaɓa."

Aka jera ƙore a bayan rumbu, kowace ƙwarya da sunan mutum ɗaya, wakilan ikilisiyoyi suka riƙa zagawa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya jefa ƙwayar masara a inda ransa ya kwanta. Da aka ɗauko ƙoren, wa kuke tsammani? Keziya! Waɗanda ke zaginta a fili su ne suka jefa mata a ɓoye, domin sun san ba a sayen bakinta. Nomau ya ji abin har cikin ransa, amma ya haɗiye. Ya ce wa kansa ba komai, tunda yanzu Ƙetare za ta yi roƙo.

Ana zaman rabo ne a ƙarshen damina, kafin a shiga girbi, don in rani ya yi a kama aiki. Ranar zaman, mutanen Ƙetare suka turo Nomau ya roƙa musu gada. Mutumin da ya shimfiɗa tabarmar nan da hannunsa, yau ga shi zaune a ƙasa a gabanta, cikin masu roƙo. Ya faɗi buƙatarsu, ya ambaci Damaris. Duk wanda ke wurin ya ɗauka magana ta ƙare. Wa zai hana Baba Nomau?

Amma kusa da shi akwai wani tsoho da aka sauke daga kan jaki, sunansa Malam Jibo, daga wata tunga da ake kira Bayan Dutse. Mutanen nan ba sa zuwa majami'a, Musulmi ne, ba su taɓa zuba ko zangarniya a Rumbu ba. Ƙasarsu duk fako da dutse, abin da suke nomawa ba ya kai su rani. Malam Jibo ya kwance tsumman ƙafarsa, sai ga kurkunu an naɗe shi a jikin tsinke.

Ya ce, "Ranku ya daɗe, mun ji an ce a nan ba a tambayar mutum inda yake sallah. Kududdufi ɗaya muke sha da dabbobi. In damina ta faɗi, rabin tungarmu kwance take da wannan. Yara kuwa gudawa ke ɗauke mana su, rani da damina. Rijiya muke roƙo, amma ƙasarmu dutse ce, sai an yi aiki mai tsada."

Abin da ke hannu a shekarar nan babban aiki ɗaya kawai zai yi. Ko gada, ko rijiya. Aka sallami masu roƙo suka koma inuwa, masu tabarma suka daɗe suna shawara. Da aka kira su, Keziya ce ta yi magana, ba ta kuma kauce wa idon Nomau ba.

Ta ce, "Baba, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ni na yi wa Damaris wankan amarci, ba wanda zai faɗa mini zafin rashinta. Amma ruwanku yana kisa ne in ya cika. Nasu kullum yake kisa. Kai ka ce wanda ya fi ciwo shi ake fara ɗaure wa. Rijiyar Bayan Dutse za a yi bana. Ƙetare ta dawo baɗi, in babu wanda ya fi ta."

In babu wanda ya fi ta! Kun ji? Ko alkawari ba ta yi masa ba. Ya bar tabarma don gada, yanzu ba tabarma, ba gada, kuma wadda ta hana shi ita ce wadda ta yi shekara da shekaru tana cewa ya tashi. Nomau ya sa takalminsa, ya ce, "Na ji, Mai Tabarma," ya kama hanya.

Kafin rana ta faɗi labari ya gama ƙasar. Ƙetare ta ɗauki zafi. Ranau ya tara magidanta ya ce, "Bana ko ƙwaya ɗaya ba za ta haye rafin nan ba. Hatsinmu ya gina wa kowa, yau an ɗauka an ba waɗanda ba su san ƙofar majami'a ba." Aka ce haka ne. Daga sauran ƙauyuka kuma dattawa suka riƙa sallama a gidan Nomau, wasu don ƙauna, wasu don dama haushin Keziya suke ji.

"Baba, an ci mutuncinka. Kai dai ka ce uffan. In ba ka kai dami ba, mu ma ba za mu kai ba. Mu ga abin da matar nan za ta raba."

Wani ya ce, "Ko kuma ka dawo ka karɓi abinka. Kai ka shimfiɗa, kai za ka naɗe."

Ku saurara da kyau, a nan jarrabawar take. Ba kuɗi aka ajiye masa ya sata ba. Ba ƙarya aka ce ya yi ba. Abin da ake nema a wurinsa shi ne ya zauna a gida kawai. Ya zauna a gida ranar godiyar kaka, shi ke nan. Rumbu ya wayi gari fayau, Keziya ta ji kunya, a zo a durƙusa masa, a soke rijiya a yi gada. Kuma ba wanda zai ce ya yi laifi. Amma daga ranar kowa zai san cewa dokar tabarma tana aiki ne a kan kowa ban da mai ƙarfi. Baɗi wani ma ya yi fushi ya riƙe daminsa, baɗin baɗi wani, har rumbu ya zama ɗakin ɓeraye.

Nomau bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya yi ta girbinsa fuska a murtuke. Ya yi addu'a, addu'ar ba ta wuce rufin ɗaki ba, don zuciyarsa cike take da Keziya. Wata rana da hantsi yana ɗaurin dawa a gona, matarsa Rifkatu ta kawo masa kunu, ta tarar da shi yana magana shi kaɗai.

Ta ce, "Maigida, da wa kake faɗa?"

"Da matar can. Ta tozarta ni a gaban jama'a."

Rifkatu ta ajiye ƙwarya ta ce, "In tambaye ka mana. Da kai ne a tabarma, tsohon nan ya kwance maka ƙafarsa, wani kuma can ya zo roƙon gada, wa za ka ba?"

Nomau ya ajiye igiyar ɗauri. Can ya ce, "Rijiya."

"To sha kununka kada ya huce."

Ranar godiyar kaka ta zo. Tun da safe filin majami'a ya cika, amma irin cikar da ba a taɓa gani ba. Ga jakuna, ga amalanke, ga dammuna a ɗaure, ba wanda ya sauke ko ɗaya. Kowane ƙauye ya ja nasa gindin itace ya tsaya, ido na kan hanyar Ƙetare. Keziya na tsaye ita kaɗai a bakin rumbu, tabarma a shimfiɗe a gabanta, ba kowa a kai.

A can Ƙetare kuwa, Nomau ya fito daga gida da dami a ka. Ba ƙaramin dami ba, wanda ya fi kowanne girma a gonarsa, irin wanda saurayi ma sai an taya shi ɗauka. Ya ratsa tsakiyar ƙauye, mutane na zaune a ƙofar gidajensu suna kallo. Ranau ya biyo shi har bakin rafi.

"Yaya, ina za ka?"

"Godiya za ni."

"Godiyar me? A nan fa ta mutu! Nan inda kake tsaye!"

Nomau ya ce, "Na sani, ƙanena. Hakkinta yana wuyana, don na daɗe ban tashi ba. Amma in na rushe rumbu saboda Damaris, Damaris nawa za a binne a ƙauyukan da ba mu sani ba? Ba Keziya nake kai wa dami ba."

Ruwa bai gama janyewa ba, yana kai wa mutum ƙugu, ƙasansa kuma santsi. Tsoho ya shiga. Yana kaiwa tsakiya ƙafarsa ta zame, ya durƙushe, ruwa ya kai masa ƙirji. Ranau bai san lokacin da ya faɗa rafin ba, ya cafki wansa a hammata.

Nomau ya ce, "Kada ka riƙe ni, riƙe damin! Kada ya jiƙe!"

Ranau ya tallafe damin da hannu ɗaya, ya rungumo wansa da ɗayan, yana kuka kamar yaro. Haka suka fita. Mutanen Ƙetare da suka biyo baya don kallo, da suka ga haka, kunya ta kama su. Kowa ya juya gida da gudu ya ɗauko nasa.

A filin majami'a wani ya ɗaga hannu ya ce, "Ga shi can!" Sai ga tsoho, riga sharkaf, taɓo har gwiwa, dami a ka, ƙanensa na tallafe da shi. Jama'a suka dare. Ya tako har bakin tabarma, bai taka ta ba. Ya sauke damin a gaban Keziya, ya rusuna, ya ɗaga murya yadda na gindin itace zai ji.

"Mai Tabarma, ga damin Nomau na Ƙetare. Allah ya sa rijiyar Bayan Dutse ta yi ruwa mai daɗi."

Keziya ta dubi damin, sai hawaye. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka karɓa. Kai, 'yan'uwa, ku zo ku ga sauke kaya! Waɗanda suka ce a zauna a gida su ne kan gaba wajen kwance igiya. Ana cikin haka sai ga mutanen Ƙetare a jere, kowa jiƙe, kowa da dami. Ranar nan rumbu ya cika har aka tara sauran a cikin majami'a, aka yi sujada a waje. Ku ce Amin mana, ko barci kuke yi a bencin baya?

Rani ya shiga. Aka ba Bayan Dutse kuɗinsu, suka fasa dutse suka yi ta haƙa har Allah ya ba su ruwa garau. Nomau na gida, ya haƙura da gada, ya sa a ransa sai yadda Allah ya yi. Sai wata safiya aka ji ganga daga wajen rafi, irin kiɗan gayya. Mutanen Ƙetare suka fito, suka tsaya baki buɗe.

Amalanke ne a jere har iya ganinka, duk maƙare da fasasshen dutse. A gaba Malam Jibo ne, a ƙafa yake tafe, ba a kan jaki ba. Ya nemi Nomau, ya kama hannunsa da hannu biyu.

Ya ce, "Malam Nomau, labarin daminka ya iso mu. Mu ba mu da dawar da za mu zuba a rumbunku. Amma Allah ya ba mu dutse, har ya yi mana yawa. Ka nuna mana inda ruwa ya fi ƙarfi."

Shanun da suka jawo amalanken kuwa, shanun huɗar da Rumbu ya ba wasu ƙauyuka ne tun shekarun baya. Magina da suka zo da igiyar awo, samarin nan ne da aka tura koyon gini, yanzu sun zama magidanta. Ƙauyen da aka yi wa aji ya kawo yashi, wanda aka yi wa ɗakin magani ya kawo itace. Keziya ta zo da zumuntar mata, sun haɗa ribar mansu da ƙuli-ƙulinsu sun sayo siminti, ta kuma kafa tukwane a gindin tsamiya tana ba da umarni kamar yadda ta saba.

Ranau ya matso kusa da ita, yana sosa ƙeya, ya ce, "Inna Keziya, ba kin ce sai baɗi ba?"

Ta ce, "Rumbu ne ya ce sai baɗi. Wannan ba Rumbu ba ne, mutane ne. Ɗauki kwandon can ka daina tsayuwa."

Kafin ruwan farko ya sauka gada ta tsaya a kan ginshiƙanta na dutse, kuma ko ƙwaya ɗaya ba a taɓa daga Rumbun Ubangiji ba. Da damina ta kankama, rafi ya zo da rurinsa kamar yadda ya saba, ya bi ta ƙarƙashi ya wuce. A daminar nan wata yarinyar Ƙetare naƙuda ta zo mata da gardama. Ranau ne ya ɗaura shanunsa ya kai ta gari a amalanke, ruwa na ta hauka a ƙarƙashinsu. Ta sauka lafiya, 'ya mace, aka sa mata Damaris.

A zaman da ya biyo baya, Keziya da kanta ta kawo doka ta uku: ba wanda zai wuce girbi uku a kan tabarma, ko da mala'ika ne. Da lokacinta ya cika ta tashi ba wanda ya kama mata zane, kuma rumbu bai rushe ba. Aka ci gaba haka, wannan ya zauna, wancan ya tashi, har abin ya girma ya zama gidauniya mai ofis da ma'aikata. Nomau ya rasu bai sake taka tabarmar ba, amma bai taɓa fashin dami ba har shekarar da Allah ya ɗauke shi.

To, 'yan'uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Ba ka san ka yarda da doka ba sai ranar da ta cije ka. Kafa doka ba wuya, kowa na iya miƙewa a taro ya faɗi magana mai daɗi. Amma ranar da dokar ta juyo kanka, ta bakin wanda ba ka so, a kan abin da ya fi yi maka zafi, ranar ce za a san ko don Allah ka yi ko don sunanka.

Mu nan muna da kwamitin gini, muna da asusun gwauraye da marayu, muna da zumuntar mata da ta maza. Nawa ne a cikinmu suka riƙe baikon da suke kawowa majami'a don an yanke abin da bai yi musu ba? Nawa ne suka daina zuwa taro tun ranar da aka zaɓi wani ba su ba? Nawa ne suka manne wa kujera har tsufa, suna cewa in ba su ba a iyawa, alhali na bayansu na jira a bakin rafi? Ba na kallon kowa, kada wani ya ce da shi nake. In ta taka ka, kai ka san ƙafarka.

In kana kan tabarma, ka raba da gaskiya, lokacinka ya yi ka tashi. In kuwa an hana ka abin da kake ganin hakkinka ne, kada ka zauna a gida. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, kuma Allah yana da duwatsu a inda ba ka taɓa shuka ba. Ka ɗauki daminka, ka shiga ruwan, ka kai.

Ubangiji ya ba mu zuciya irin ta bawansa Nomau. Duk mai dami a gida ya ce Amin.